Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781–1837): Masanin Labarin Ƙasa da Siyasar Mulki

Tsakure

Wannan maƙala ta bi rayuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tun daga ƙuruciyarsa a Ɗegel har zuwa rasuwarsa a Wurno, tare da mayar da hankali kan fannoni biyu da ya yi fice a cikinsu, wato sanin ƙasashe da al'ummominsu, da kuma tsara ƙa'idojin mulki. An duba littafinsa Infaƙul Maisuri, da wasiƙun nasiha da ya aika wa sarakunan daula, da taswirar da ya ba Clapperton a 1824, da kuma hukuncin da ya yanke a rikicin Ɗantunku wanda ya tabbatar da masarautar Kazaure. Maƙalar ta nuna cewa a wajen Bello sanin ƙasa da iya mulki abu ɗaya ne, sannan ta kawo dalilan da suka sa ya cancanci gurbi a manhajar sassan labarin ƙasa da kimiyyar siyasa na jami'o'in ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya shiga sashen labarin ƙasa a yau yakan fara jin tarihin fanninsa daga Girkawa zuwa Jamusawa, shi kuwa takwaransa na kimiyyar siyasa yakan fara da Aflaɗon da Aristo. Ba safai ake gaya wa ɗayansu ba cewa fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce wani malami a Sakkwato ya rubuta bayanin ƙasashen da ke tsakanin Darfur da Futa, ya kuma tsara wa sarakuna ƙa'idojin riƙon jama'a, sannan ya hau gadon mulki ya jarraba abin da ya rubuta har shekara ashirin. Galibin abin da aka rubuta game da Muhammadu Bello ya fi karkata ga matsayinsa na jarumin jihadi da magajin Shehu. Abin da ke biye tarihin rayuwarsa ne ta fuskar iliminsa na ƙasa da na mulki, da yadda wannan ilimi ya bar alama a taswirar arewa maso yammacin Jihar Jigawa.

2.0 Haihuwa da Neman Ilimi

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, wadda ta yi daidai da 1195 bayan Hijira, a ƙasar Gobir. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Ya tashi a Ɗegel, ƙauyen malamai da ya zama matattarar almajirai daga sassa daban-daban na Bilad al-Sudan. Manyan malamansa su ne mahaifinsa da baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya shahara a nahawu da luga da tafsiri. A hannunsu ya karanci Alƙur'ani da hadisi da fiƙihun Malikiyya da usulu da balaga.

Akwai wani ilimi da Ɗegel ta ba shi wanda ba ya cikin littattafan zaure. Garin yana karɓar Fulani da Hausawa da Buzaye, da alhazai masu dawowa daga gabas, da fatake masu bin hanyoyin Azbin da Gwanja. Yaron da ya girma a irin wannan wuri yana jin sunayen garuruwa da yawan zangon da ke tsakaninsu, yana jin labarin sarakunan da bai taɓa gani ba. Rubuce-rubucensa na baya sun nuna cewa ya riƙe irin waɗannan labarai, kuma ya saba da ambaton wanda ya ji wani labari daga bakinsa.

3.0 Shekarun Jihadi

Lokacin da Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, Bello yana da kimanin shekara 23. Ya halarci yaƙin Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, inda jama'a suka rinjayi rundunar Sarkin Gobir Yunfa, ya kuma ga munanan ranakun Tsuntsuwa da Alwasa, inda aka rasa ɗimbin malamai da mahaddata. Baya ga riƙon tuta a fagen fama, shi ne ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan wasiƙun jama'a. A Birnin Gada ta ƙasar Zamfara ya wakilci mahaifinsa wajen ganawa da shugabannin jihadi na gabas, ciki har da na Kano da Katsina da Daura, ya karɓi mubaya'arsu a madadin Shehu. Wannan taro shi ne matakin farko na haɗa yunƙure-yunƙuren da suka tashi a wurare dabam-dabam su zama daula guda.

A watan Oktoba na 1808 ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, inda aka kashe Yunfa. A 1809 ya kafa Sakkwato a kan tudun da ke kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Zaɓen wurin ya nuna idon mai sanin ƙasa: tudu ne mai wuyar hawa ga mahara, ga fadama mai ba da abinci rani da damina, kuma yana tsakanin Gobir da Kabi da Zamfara, ƙasashe uku da aka fi jin tsoron tawayensu. A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar mulki, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. Da haka Kano da Katsina da Daura da Zazzau da Bauchi suka shiga ƙarƙashin kulawarsa tun mahaifinsa yana raye.

4.0 Infaƙul Maisuri da Labarin Ƙasa

A shekarar 1812 ya kammala littafinsa mafi shahara, Infaƙul Maisuri fi Tarihi Biladit Takrur. An fi saninsa a matsayin tarihin jihadi, amma kashinsa na farko labarin ƙasa ne tsantsa. Bello ya faro daga gabas, ya bi Darfur da Wadai da Bagarmi da Barno, ya haura Azbin, ya shigo ƙasar Hausa, ya gangara Nufe da ƙasar Yarabawa, sannan ya nufi yamma ta Sangai da Mali har Futa. A yawancin ƙasashen yakan faɗi yanayin ƙasa, ko tana da koguna da dazuzzuka, ko duwatsu da rairayi, ya faɗi al'ummomin da ke zaune a cikinta da asalinsu, da matsayin Musulunci a tsakaninsu, sannan ya kawo malaman da suka yi fice a can. Ta wannan hanya ce ya adana labarin malamai irin su Ɗanmarina da Ɗanmasani na Katsina.

Ga masu nazarin Hausa, littafin yana cikin tsofaffin rubutattun madogarai da suka kasa ƙasar Hausa gida bakwai, suka kuma ƙara wasu ƙasashe bakwai da ke maƙwabtaka da su. Bello ya kawo labarin Bawo a wata siga da ta sha bamban da wadda aka sani a Daura, inda ya ce bawan Sarkin Barno ne, ya kuma ware Gobirawa a matsayin 'ya'yan da asalinsu ya fito daga Kibɗawan Masar. Ya bayyana cewa ya ji wannan labari daga Sarkin Azbin Muhammadu Baƙiri. Haka kuma bayaninsa kan asalin Yarabawa ya yi tafiya mai nisa, domin Samuel Johnson ya dogara da shi a littafinsa na tarihin Yarabawa da aka buga a 1921.

Wajibi ne a karanta wannan labarin ƙasa da lura da manufar mai shi. Bello yana rubutu ne yaƙi bai gama lafawa ba, kuma yana son ya tabbatar da cewa yaƙar sarakunan Haɓe halal ce. Rarraba ƙasashe gwargwadon Musuluncin sarakunansu hujja ce ta shari'a kafin ta zama bayanin ƙasa, kuma danganta sarakunan Hausa da bawa yana rage musu daraja a idon mai karatu. Duk da haka akwai wani hali na malanta da ya nuna wanda ba a cika samu ba ga mai rubuta tarihin nasararsa. Bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu Aminu Alkanemi ya rubuto yana tuhumar jama'a da yaƙar Musulmi, yana mai kafa hujja da cewa aikata saɓo ba ya fitar da mutum daga addini. Bello ya amsa da cewa Barno ta goyi bayan sarakunan da suka far wa jama'a. Maimakon ya taƙaita maganar abokin jayayyarsa, sai ya kwafe wasiƙun Alkanemi cikin littafinsa tare da amsoshinsu. Albarkacin haka ne mai nazari a yau yake iya auna hujjojin ɓangarorin biyu, har ma ya saɓa wa Bello da kayan da Bello ya ajiye masa.

5.0 Halifanci da Ƙa'idojin Mulki

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi. Farkon mulkinsa bai zo da sauƙi ba. Baffansa Abdullahi, wanda ya girme shi a shekaru da ilimi, ya koma Gwandu ransa a ɓace. Abdussalami, babban malami Ba'are kuma tsohon almajirin Shehu, ya yi tawaye a Kware yana ƙorafin rashin adalci wajen rabon ƙasa da muƙamai. An murƙushe tawayen a farkon 1818, Bello kuma ya rubuta Sardul Kalam don bayyana yadda abin ya faru, inda a nan ma ya kawo ƙorafe-ƙorafen abokin hamayyarsa. Sulhu da Abdullahi ya zo bayan 'yan shekaru a Kalambaina, lokacin da Bello ya kai wa baffansa gudunmawar yaƙi, Abdullahi kuma ya amince da shugabancinsa.

Daular da ya gada ta yi faɗin da ba a iya mulkarta daga fada ɗaya. Tafiya daga Sakkwato zuwa Adamawa takan ci watanni. Saboda haka makaminsa na yau da kullum shi ne wasiƙa da manzo, kuma babban mataimakinsa a wannan aiki shi ne Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin ƙanwarsa Nana Asma'u. Daga cikin wannan musayar wasiƙu ne rubuce-rubucensa na siyasa suka fito. Ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaje littafin Usulus Siyasa, ya rubuta wa Sarkin Bauchi Yakubu Algaisus Shu'ubub da Alƙaulul Mauhub, sannan ya yi babban littafi kan halayen shugaba adali mai suna Algaisul Wabli.

Usulus Siyasa ya ƙunshi ƙa'idoji bakwai. Ana son shugaba ya zama mai tsoron Allah wanda ba ya kwaɗayin mulki, mai sauƙin hali da yawan afuwa. Ana son ya lazimci malamai na gari don shawara, ya zaɓi ma'aikata nagari ya kuma sa musu ido, domin zaluncinsu a kansa yake komawa. Ana son ya umurci talakawa da yin adalci a tsakaninsu, ya tanadar musu abubuwan amfani, ya kuma tausasa musu. Ƙa'ida ta shida ita ce ta fi kusa da abin da masana tsara birane da karkara suke yi a yau. A cikinta ya ɗora wa sarki nauyin raya masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da massassaƙa da masu magani, da rarraba su a garuruwa gwargwadon buƙata, da gina birane masu ganuwa, da gyara kasuwanni da hanyoyi. A ganinsa, garin da ba shi da maƙeri ko kasuwa alama ce ta gazawar mai mulki.

6.0 Rikicin Ɗantunku da Tabbatuwar Kazaure

Babu inda sanin ƙasa da dabarar mulki suka haɗu a aikin Bello kamar a arewacin Kano. Ibrahim Ɗantunku shugaban Fulani ne da ya taka rawa a jihadi, kuma H. A. S. Johnston ya ruwaito cewa yana cikin waɗanda suka hana rundunonin Haɓe na Kano da Katsina da Daura haɗuwa wuri ɗaya. Da aka gama yaƙi bai sami masarauta tasa ba, ya zauna a ƙarƙashin Sarkin Kano Sulaimanu. Da Sulaimanu ya rasu a 1819, Bello ya naɗa Ibrahim Dabo na gidan Sulluɓawa, sai manya da dama suka ƙi yi masa biyayya. Dabo ya shawo kan sauran ɗaya bayan ɗaya, amma tawayen Ɗantunku ya ɗauki kimanin shekara biyar. Da Clapperton ya isa Kano a watan Janairu na 1824 ya tarar da sarki a sansani bayan gari yana shirin fita yaƙarsa.

Dalilin daɗewar rikicin yana cikin yanayin ƙasar. Yankin Kazaure da Roni yanki ne na duwatsu da kwazazzabai, saɓanin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, kuma irin wannan wuri yana rage ƙarfin dawakai masu lifidi. Ga shi kuma yana kan gaɓar ƙasashe uku, Kano da Katsina da Daura, a kan hanyar da ta nufi arewa. Dabo ya iya korar Ɗantunku daga yankin Dambatta, amma fitar da shi daga cikin duwatsu wani aiki ne daban.

Bello yana da zaɓi biyu. Zai iya tsayawa kan cewa wanda ya ƙi sarkin da Sakkwato ta naɗa ɗan tawaye ne, a ci gaba da yaƙi har sai an ga bayansa, kamar yadda aka yi da Abdussalami. Zai iya kuma duba cewa Katsinawan da suka kafa Maraɗi da Gobirawa suna nan a arewa suna jiran baraka, kuma yaƙin cikin gida a wannan gaɓa buɗe musu ƙofa ne. Ya zaɓi na biyu. Ya amince da Ɗantunku a matsayin sarki mai biyayya kai tsaye ga Sakkwato, aka yanka masa ƙasa, Kano kuma ta riƙe Dambatta da abin da ke gabas da ita. Ɗantunku bai daɗe ba bayan haka ya rasu, ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824, ya yi mulki har 1857.

Hukuncin yana da tsada, domin ya nuna cewa mai ƙarfin da ya jure zai iya samun tuta ta hanyar tawaye, kuma ya rage wa sarkin da Bello ya naɗa da kansa wani yanki na ƙasarsa. Ribarsa ita ce maƙiyi na cikin gida ya koma mai tsaron iyaka. Sakamakon yana nan har yau. Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi su ne ƙananan hukumomin masarautar Kazaure. Babura kuwa, wadda ta ci gaba da zama a ƙasar Kano tana cikin garuruwan da ke fuskantar Damagaram, ta faɗa masarautar Ringim bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Mai son fahimtar abin da ya raba waɗannan maƙwabtan garuruwa a tsarin sarauta sai ya koma ga sulhun da aka ƙulla a zamanin Bello.

7.0 Clapperton da Taswirar Kwara

Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824, ya zauna har farkon Mayu. Abin da ya rubuta ya nuna mamakinsa da faɗin sanin mai masaukinsa. Bello ya tambaye shi game da ɗariƙun Kiristoci na dā, ya gane buruji da taurari a jikin kayan awon sama da baƙon ya zo da su, kuma yana da labarin yadda Ingilishi suka mamaye Indiya. Ya rubuta wa Sarkin Ingila George na Huɗu wasiƙa yana neman a aiko masa da jakada da likita, an kuma tattauna batun hana fitar da bayi ta bakin teku. Wannan tattaunawa ba ta taɓa bautar cikin gida ba, wadda ta ci gaba da zama ginshiƙin noma da yaƙi a daular har ƙarshen ƙarnin.

Babbar buƙatar Clapperton ita ce sanin inda kogin Kwara yake ƙarewa. Ya ruwaito cewa Bello ya zana masa hanyar kogin a ƙasa, ya nuna masa cewa yana gangarawa kudu ya shiga teku. Amma taswirar da aka ba shi a takarda, wadda aka buga a Landan a 1826 tare da fassarar wani yanki na Infaƙul Maisuri, ta nuna kogin yana karkata gabas ya nufi Masar. Bello ya kuma hana shi tafiya Yawuri da Nufe, inda da ya ga kogin da idonsa.

Ana iya fassara wannan saɓani ta hanyoyi uku. Mai yiwuwa wanda ya zana taswirar ya bi tsohon ra'ayin masana labarin ƙasa na Larabawa da ke haɗa kogunan Sudan da Nilu. Mai yiwuwa kalmar bahar, wadda ke nufin kogi da teku duka, ta rikita tafinta. Mai yiwuwa kuma fadar Sakkwato ta sake tunani, ta ga cewa nuna wa masu jiragen ruwa ƙofar shiga ƙasa daga teku ba hikima ba ce. Thomas Bassett ya tattauna taswirar a babban kundin tarihin zanen taswira da aka buga a 1998. Fassara ta uku ta fi dacewa da sauran halayen Bello, musamman idan aka tuna abin da ya sani game da Indiya. Abin da ya biyo baya ya gaskata tsoron: Richard Lander da ɗan'uwansa John sun bi kogin har teku a 1830, kuma ta wannan hanya ce kamfanonin Ingila suka shigo, har aka kai ga cin Sakkwato a 1903.

Da Clapperton ya dawo a 1826 ya kawo wa Bello littattafan Larabci, ciki har da na lissafin Uƙlidis. Bello ya gaya masa cewa gidansu ya taɓa mallakar kwafin littafin, gobara ta cinye shi. Ziyarar ba ta yi daɗi ba, domin ta zo daidai da yaƙi da Barno, kuma an karɓe wasiƙa da kyautar da baƙon ke ɗauke da su zuwa ga Alkanemi. Clapperton ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827.

8.0 Ribaɗi, Gawakuke da Rasuwa

A shekarunsa na ƙarshe Bello ya mayar da hankali kan tsaron iyakoki ta hanyar ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa da ake zaunar da mayaƙa da malamai da manoma a cikinsu a bakin iyaka. Ya kafa irin waɗannan a kwarin Rima da kewayensa, kamar Gandi da Lajinge da Shinaka, ya ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu, shi kuma ya zauna a Wurno. Ya kwaɗaitar da Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su yi noma, su sa 'ya'yansu karatu, bisa hujjar cewa shari'a da ilimi sun fi tsayuwa a gari. Wannan manufa ta sauya yanayin zaman jama'a a arewacin daular, kuma sarakuna irin su Ibrahim Dabo sun bi sawunta a ƙasashensu. A gefe guda bai daina rubutu ba, har a fannin magani, inda ya yi littattafai kan ciwon ido da basur.

A 1836 ya fita babban yaƙinsa na ƙarshe a Gawakuke, inda ya karya haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. A wannan zamani Alhaji Umaru Futi yana zaune a wajensa, ya kuma auri 'yarsa kafin ya koma yamma ya tayar da nasa jihadin. Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, daidai da Rajab 1253, yana da shekara 56. A can aka yi masa sutura, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Waziri Giɗaɗo ya rubuta tarihinsa, Nana Asma'u kuma ta yi masa marsiyya.

9.0 Gadonsa a Jami'a

Rubuce-rubucen Bello sun shiga hannun masu bincike na zamani a hankali. E. J. Arnett ya fitar da fassarar Infaƙul Maisuri cikin Ingilishi a 1922, C. E. J. Whitting ya buga matanin Larabci a Landan a 1951, Sidi Sayuɗi da Jean Boyd suka mayar da shi Hausa a 1974. Murray Last ya dogara da takardun gidan Waziri Junaidu wajen rubuta tarihin daular da ya fito a 1967, B. G. Martin kuma ya fassara Usulus Siyasa a 1971. Mahmud Tukur ya yi amfani da ra'ayoyin shugabannin jihadi wajen nazarin aikin gwamnati a Nijeriya, wanda ya nuna cewa kayan suna da amfani a wajen sashen tarihi.

Duk da haka mafi yawan wannan aiki ya tsaya a sassan tarihi da Larabci da nazarin addinin Musulunci. Ɗaliban labarin ƙasa da kimiyyar siyasa su ne za su zama masu safiyo da masu tsara birane da jami'an mulki da ma'aikatan hukumomin iyaka da jakadu. Matsalolin da za su tarar, wato rikicin iyaka tsakanin garuruwa, da zaman makiyaya da manoma, da tsaron ƙauyukan bakin daji, da rabon iko tsakanin tsakiya da jihohi, duk Bello ya fuskanci irinsu a wannan ƙasa, ya rubuta ra'ayinsa, ya kuma bar sakamakon da za a iya aunawa. A nan masana Hausa suke da aiki na musamman. Sunayen garuruwan da ke cikin Infaƙul Maisuri da taswirar 1824 suna buƙatar wanda ya san harshe da ƙasa ya daidaita su da wuraren da suke nufi.

10.0 Kammalawa

Muhammadu Bello ya rayu shekara 56, ya yi ashirin daga ciki yana mulkin daula mafi girma a Afirka ta Yamma a zamaninsa. Ya bayyana ƙasashe a littafi, ya zaɓi mazaunin birane, ya shata iyakoki, ya kuma san lokacin da ya kamata a ɓoye sanin ƙasa ga baƙo. Labarin ƙasarsa yana ɗauke da son zuciyar mai nasara, daularsa kuma ta tsaya a kan bauta, don haka karanta shi yana buƙatar idon suka kamar yadda ake yi wa kowane marubucin siyasa. Wannan suka kuwa ba za ta yiwu ba sai an fassara littattafansa, an sa su a gaban ɗalibai, an kuma gwada su da misalai na zahiri irin na iyakar da ke tsakanin Kazaure da Babura.